Ɗigon kwantam na cikin tele da na labo: mi ya sa ɗaya ke jure zafin Maradi, ɗaya sai da sanyi?

"Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya da iyali. Ni ɗalibi ne, shekara ta 3 a fizik nan Maradi. Kwanan baya yayana ya sayo tele a babbar kasuwa, a jikin kwalin an rubuta QLED, mai shagon ya ce wai da ɗigon kwantam take aiki. To ni kuma a darasin optik an taɓo mana zancen koherans cikin ƙananan semikondikter, malamin ya ce sai an sanyaya abin kusan digiri 270 ƙasa da sifiri kafin a ga wani abin kirki. Shi ne kaina ya ɗaure, ya za a yi abu ɗaya ya yi aiki cikin zafin falon yayana amma a labo sai da wanga sanyi? Ko dai ƴan kasuwa ne ke mana wayo? Kuma mi ne ne ma koherans ɗin, don gaskiya lissafin kawai na haddace."

Wa alaikumus salam ƙanena, lahiya lau alhamdulillahi. Da farko dai ka bar mai shago ya huta, in dai telen ta ainihi ce to bai yi maku ƙarya ba, shi ma malaminka gaskiya ya faɗa. In na fahimce ka tambaya biyu ce ka cusa cikin ɗaya: ɗigon tele da ɗigon labo abu ɗaya ne ko kuwa, sannan mi ake nema da sanyin nan. To ƴan uwan juna ne, amma aikin da ake sa su ba ɗaya ba ne. A tele launi kawai ake so daga gare su. A labo kuwa so ake ɗigon ya riƙe takun hasken da ya buge shi, ya ci gaba da kaɗawa daidai da shi ko bayan hasken ya wuce, kuma wanga riƙon taku shi ne abin da zafi ke fara kashewa. Bari in bi maka shi daki daki.

Mi ke cikin ɗigon

Ka dai san semikondikter yana da hawa biyu na makamashi da tazara a tsakaninsu, a galiyom arsenik tazarar elektronvolt 1.42 ce a zafin ɗaki (elektronvolt ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi ne). In foton, wato ƙwayar haske ɗaya, mai isasshen ƙarfi ya shigo sai ya ɗaga elektron ɗaya zuwa hawan sama, ya bar gurbi a ƙasa, gurbin nan kuma yana yin kamar yana da caji mai kishiyantar na elektron ɗin, don haka sai su riƙa jan juna suna zagayen juna. Su biyun a haɗe su ake kira egziton, kuma a galiyom arsenik nisan da ke tsakaninsu bai wuce nanomita 10 da ɗan wani abu ba. Don ka ji ƙanƙantar, kaurin silin gashin kanka ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

To in ka gina wa egziton ɗaki wanda ya kai girmansa ko ya kasa, sai halinsa ya canza. In ka matse shi ta sama da ƙasa kawai, wato ka shimfiɗa siririn falle tsakanin wasu kaurara biyu, shi ne rijiyar kwantam, wadda Raymond Dingle da abokansa sunka auna a Bell Labs a 1974. In ka matse shi ta kowane gefe shi ne ɗigo, masu Faransanci akwati suke ce masa, kuma ni na fi son sunan nasu don ya fi kama da gaskiya. A cikin akwatin nan makamashi ba ya ɗaukar kowane adadi, sai matakai ƙidayayyu kamar na atom, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwatin gwargwadon nisan matakan, shi ya sa girma ke yanke launi. Aleksey Ekimov ya gani cikin gilashi a 1981, Louis Brus ya gani cikin ruwa a 1983, Moungi Bawendi ya samo hanyar dafa su da girma iri ɗaya a 1993, su ukun anka ba Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Na tele zuriyar waɗannan ne. Na labo da ni na yi aiki a kansu ba dafa su ake ba, ana zuba indiyom arsenik ne falle falle a kan galiyom arsenik, da yake tazarar atom ɗinsu ta saɓa da kusan kashi 7 cikin 100 sai na saman ya ƙi kwanciya ya dunƙule kansa, kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. Kowane dunƙule faɗinsa wajen nanomita 20, tsayinsa ƴan nanomita.

Lugude

Yanzu koherans. Ka aje lissafin tukuna ka tuno mata uku a turmi ɗaya suna lugude. Abin da ke sa taɓarya ba ta karo da ƴar uwarta ba ƙarfin damtse ba ne, kowace ta san lokacin da tata za ta sauka ne dangane da na sauran. Wanga sanin lokaci shi ne faz ɗin da ka haddace, ni taku nake ce masa. Haske kaɗawa ne, na nanomita 900 yana kai da komowa sau ɗaya cikin femtosakan 3, shi kuma femtosakan ai ka raba sakan gida miliyar ne sannan ka sake raba gida ɗaya zuwa miliyan. In lazer mai launin da ya dace daidai da matakin ɗigon ya buge shi, ba wai elektron tsalle yake kawai daga ƙasa zuwa sama ba yadda ake zana muku da kibiya a allo. Na ɗan lokaci yana cikin gaurayen hali, da ƙasa da sama a haɗe, kuma gaurayen nan yana sa cajin ɗigon ya riƙa kaɗawa da takun hasken. Muddin ɗigon na tune da takun nan, za ka iya aiko bugu na biyu ya ƙara a kan na farko ko ya soke shi, ya danganta da lokacin da ya iso. Da ya manta shi kenan, bugu na biyu baƙo ne a wurinsa.

Lokuta biyu ake aunawa kuma nan ne ɗalibai ke rikicewa. T1 shi ne lokacin da mai daka ta aje taɓarya baki ɗaya, wato elektron ya koma gurbinsa ya fidda foton, a ɗigon indiyom arsenik wajen nanosakan 1 ne, wato femtosakan miliyan ɗaya. T2 kuwa lokacin da har yanzu tana daka amma ta saki takun, ƙila yaro ya ja mata zane ko an kira ta daga zaure ta waiwaya. Ƙa'ida ta ce T2 ba ya wuce ninki biyu na T1, kuma kusan duk wahalar da ake sha a fagen nan ta tura T2 ce ya kusanci wanga iyaka.

Su wa ke jan zanen? Babbansu fonon, wato karkarwar atom ɗin kristal ɗin kansa, wadda ita ce zafi in ka bi ta asali. Sai sauran elektron da ke karo da juna, sai caji masu yawo a kusa da ɗigon suna ɗan gusar da launinsa, sai maganaɗisun ƙwayoyin atom dubbai da ke cikin ɗigon kowace na fuskantar inda ta ga dama. Yi lissafin da kanka ka gani: ranar da Maradi ta kai digiri 42 a watan Afrilu, kT, wato gwargwadon makamashin karkarwar da zafi ke badawa, ya kai milielektronvolt 27, alhali igiyar da ta ɗaure elektron da gurbi a galiyom arsenik mai kauri wajen milielektronvolt 4 ce kawai, ka ga tsinkewa za ta yi nan take. A cikin ruwan heliyom kuwa, kelbin 4.2, wato digiri 269 ƙasa da sifiri, kT ya sauko wajen 0.36. A zafin ɗaki taku na ɓacewa cikin ƙasa da pikosakan 1, wato femtosakan 1000, sau da yawa ma femtosakan gommai ne. A rijiyar kwantam mai sanyi yakan kai ƴan pikosakan. A 2001 Paola Borri da Wolfgang Langbein da abokansu a Dortmund ta Jamus sunka auna pikosakan 630 a ɗigon indiyom galiyom arsenik a kelbin 7. Kar ka raina, femtosakan 630,000 kenan, raba su da 3 ɗin nan na kaɗawa ɗaya, kaɗawa sama da 200,000 kenan ba a saki taku ba.

To telen yayanka ba ruwanta da duk wanga. A bayanta akwai ƙananan fitilu shuɗaye na galiyom nitrir, irin waɗanda anka ba Akasaki da Amano da Nakamura Nobel a kansu a 2014. Shuɗin hasken na faɗawa kan wani falle mai ɗigo, ƙanana wajen nanomita 3 su ba da kore, manya wajen nanomita 6 su ba da ja. Shuɗin foton ya fi ƙarfin matakin ɗigon nesa, don haka elektron can sama ake jefa shi, ya gangaro yana zubar da rarar a matsayin zafi, kafin ya iso matakin ƙasa ya riga ya manta takun wanda ya jefa shi, ya zauna nanosakan gommai sannan ya fidda nasa hasken lokacin da ya ga dama. Idonka launi yake gani ba taku ba, don haka ba wanda ya yi asara. Kai ko ɗan lazer ɗin nan ja na nuna allo, hasken da ke fita daga cikinsa yana da taku ɗaya, amma elektron ɗin da ke cikin semikondikter ɗinsa mantuwa suke cikin ƙiftawar da ba ta kai pikosakan ba, madubai biyun da ke gefensa ne ke riƙe takun a madadinsu.

Abin da ake gani in taku ya riƙu

Wanda ya fi burge ni har yau shi ne kaɗawar Rabi, sunan Isidor Rabi ne, mai Nobel ta 1944. Hankali cewa yake in ka ƙara wa abu haske ya ƙara haskawa har ya ƙoshi ya tsaya. A ɗigo ɗaya mai sanyi ba haka ba ne. Ka ɗauki mai tuyar masa: juyi ɗaya masa ta kife, juyi biyu ta koma yadda take. Akwai ƙarfin bugun da ke kife ɗigon daidai, elektron ya hau sama tabbas, shi ake kira bugun pi. Ka ƙara ƙarfi har juyi biyu sai ya hau ya sauko tun bugun bai wuce ba, ya mayar wa lazer makamashinsa, ɗigon ya yi duhu kamar ba a taɓa shi ba. Rabin juyi kuma masa ta tsaya a kan gefenta, shi ne gaurayen halin nan rabi da rabi, kodayake nan misalin nawa ya fara gurguncewa don masa ba ta kaɗawa, kuma in ka leƙa ɗigon don ka gani sai ka same shi ko sama ko ƙasa, ba a tsakiya ba. An fara ganin wanga a ɗigo ɗaya a 2001, a 2002 kuma Artur Zrenner da mutanensa a Jamus sunka sa ɗigon cikin diyod sunka ƙidaya shi da kuran: kowane bugun pi elektron ɗaya tak, in lazer na bugu sau miliyan 80 a sakan ka ninka da cajin elektron za ka samu kusan pikoamper 13.

Na biyu amsa-kuwwar haske. Matsalar ita ce in ka haska ɗigo miliyan a lokaci ɗaya ba biyun da girmansu ya zo daidai, kowane da saurin kaɗawarsa, sai jimillar ta watse da wuri alhali ba wanda ya manta komi a cikinsu. Ka ɗauka ƴan kabu-kabu 20 sun tashi tare daga tasha sun kama hanyar Ɗan Isa, kowa da gudun babur ɗinsa, bayan minti 10 sun warwatsu a hanya. Sai ka buga masu waya lokaci ɗaya ka ce kowa ya juyo da gudun da ya tafi. A minti na 20 cif duk za su shigo tasha tare, mai gudu ya yi nisa ya dawo da gudu, mai lallaɓawa bai je ko'ina ba. Waɗanda ba za ka gani ba su ne wanda ya yi faci, da wanda garken awaki ya tare, wato waɗanda hatsari ya ɓata wa lissafi. Bugu na biyu na lazer shi ne wayar nan, hasken da ke ɓullowa da kansa a ninki biyu na lokacin shi ne amsa-kuwwa, kuma yadda take raguwa in ka tsawaita jiran shi ke ba ka T2 na gaskiya. Erwin Hahn ya fara gano dabarar a 1950 da maganaɗisun ƙwayar atom, anka yi ta da haske a 1964 cikin yaƙutu a Jami'ar Columbia. Da irinta ne ƴan Dortmund sunka samu 630 ɗin nan.

Akwai sauran, zan wuce su da sauri. In bugu ɗaya ya tada matakai biyu makusanta hasken na ƙaruwa yana raguwa kamar kalangu biyu da ɗaurinsu ya ɗan saɓa. Kaɗawar Bloch, wato elektron ya riƙa kai da komowa cikin kristal maimakon ya miƙe in lantarki na tura shi gefe ɗaya, wadda anka yi hasashenta tun wajen 1930, sai a 1992 anka gan ta cikin falle falle na semikondikter. A shekarar ce kuma Claude Weisbuch da abokansa a Tokyo sunka sa rijiyar kwantam tsakanin madubai biyu, haske da egziton sunka riƙa miƙa wa juna makamashi har sunka zama abu ɗaya da ake kira polariton.

Abin da na gani da idona

Lokacin da nake tez, wato binciken digirin dakta, a Faransa aikina kenan shekaru, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da ba taga. Lazer ɗinmu na titan safir ne, kuma abin da ya ba ni mamaki ranar farko shi ne ba agogon da ke auna pikosakan a ɗakin, da madubi ake aunawa. Haske na cin milimita 0.3 a pikosakan 1, don haka in ka ja madubi baya da milimita 0.15, zuwa da dawowa, ka jinkirta bugu na biyu da pikosakan 1 kenan.

Na taɓa shan kunya kuma zan faɗa maka don ka ƙaru. Wani dare ina ƙara ƙarfin lazer sai na ga hasken ɗigon ya hau ya sauko ya sake hawa, na ce alhamdulillahi Rabi ta samu, ko barcin kirki ban yi ba. Da safe mai kula da aikina ya kalli zanen bai ce komi ba sai ya tambaye ni a wane ƙarfi ne duhun farko ya zo. Ashe juyin masa ba da ƙarfin haske yake tafiya kai tsaye ba, da tsayin kaɗawar yake tafiya, don haka in juyi ɗaya ya zo a wani ƙarfi, juyi biyu sai a ninki 4, juyi uku a ninki 9. Nawa tazararsu daidai wa daida take. Da munka bincika, gilashin da nake murzawa don ƙara ƙarfin ne ke ɗan karkatar da hasken, yana sauka daga kan ɗigon yana komawa. Ta gasken sai bayan watanni ta zo, kuma ita ma bayan ƴan juyi take dusashewa, don ko a kelbin 4 lazer mai ƙarfi na tada fonon da kansa.

Amfaninsa, da abin da za ka iya daga nan

Babban amfanin da ya fara fitowa kasuwa shi ne fitila mai fidda foton ɗaya ɗaya. Bugun pi ɗaya, foton ɗaya, ba biyu ba. Ana buƙatarsu a sadarwar sirri irin wadda Bennett da Brassard sunka tsara a 1984, da kuma kwamfutar kwantam mai aiki da haske, inda dole foton ɗin su zama tagwayen da ba a iya rabewa. Gwajin shi ne na Hong da Ou da Mandel na 1987: ka haɗa foton biyu a madubin da ke tsaga haske rabi da rabi, in iri ɗaya ne sak kullum ƙofa ɗaya suke fita tare. Kamannin nasu kusan T2 ne a raba da ninki biyu na T1, ka ga mun dawo kan lugude. Dabarar da ta ci ita ce a sa ɗigon tsakanin madubai don ya yi saurin fidda foton tun bai manta ba, a 2016 anka wuce kashi 98 cikin 100, kuma kamfanin Quandela na Faransa, wanda Pascale Senellart na cikin waɗanda sunka kafa shi a 2017, a kan wanga yake sana'a. Har yanzu dai da sanyin. Akwai kayan da egziton ɗinsu ke jure zafin ɗaki, zink oksid igiyarsa ta kai milielektronvolt 60, amma rashin tsinkewa daban riƙe taku daban, kuma waɗannan ban taɓa su da hannuna ba, nawa aikin a kan indiyom arsenik ya tsaya.

Ba zan ruɗe ka ba, auna Rabi a ɗigo ɗaya a nan yanzu da wuya. Heliyom ɗin ma maƙwabciyarmu Aljeriya na cikin masu fidda shi, amma injin sanyin na son kuran da ba ya ko ƙiftawa, ga ƙurar hunturu da ba ta barin madubi. Sai dai rabin fagen nan lissafi ne, kuma shi ba ya son heliyom. Lissafin Bloch na abu mai mataki biyu layi 3 ne kacal, ka zuba su a Python a kwamfutarka, ka sa bugu, ka sa T1 da T2, ka ga Rabi na fitowa, sannan ka rage T2 ka ga ta mutu ta koma hawa da ƙoshin nan na tele. Ka haɗa ɗigo 1000 masu saɓanin launi ka aika bugu biyu, amsa-kuwwa za ta ɓullo maka a allo. Wanda ya zo da wanga a hannunsa ya fi mai takardar maki kawai in ya nemi shiga cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 don irinmu.

Kafin nan kuma yau da dare ka samu ɗan lazer ɗin nuna allo, ka tsinko silin gashi ɗaya ka miƙe shi a gaban hasken, ka haska bangon ɗaki daga nisan mita 2 ko 3. Za ka ga ɗige ɗige na haske da duhu a jere, in ka auna tazararsu da rula ma za ka fidda kaurin gashin. Sannan ka maimaita da tocilan ɗin wayarka ka rubuto mani abin da ka gani. A gaida yayan naka, Allah ya sa albarka a telen.